Yadda masuntan Amurka ke fita neman ƙaramin kifi su ci karo da ƙato

Da zarar sanyin hunturu ya fara janyewa a kudancin Amurka, wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, tafkunan jihohin Misisifi da Tenesi da Tekzas kan cika da ƙananan jiragen ruwa tun da asuba. Da yawa daga cikin mutanen da ke ciki kifi ɗaya suka fito nema, wanda ake kira kirafi, a rubuce crappie.

Kifi ne mai faɗin jiki kamar karfasa, kuma yawancin wanda ake kamawa bai kai rabin kilo ba. Saboda haka kayan kamunsa marasa nauyi ne: sanda mai laushi, zare siriri kamar gashi, da 'yar ƙugiya.

Sai dai a wannan lokaci ne kuma ake yawan jin labarin wanda ya jefa fatsa don ƙaramin kifi, sai wani ƙato da ya ninka ƙarfin zaren sau da yawa ya haɗiye ƙugiyar. Masana harkar ba sa ɗaukar hakan a matsayin sa'a kawai, domin akwai dalilan da ke haɗa manya da ƙanana wuri guda a wannan yanayi.

Wane irin kifi ne kirafi?

Iri biyu ne, fari da baƙi, kuma dukansu 'yan asalin Arewacin Amurka ne. Ana bambanta su da ƙayoyin da ke bayansu: farin yana da biyar ko shida, baƙin kuma bakwai ko takwas.

Amurkawa na sonsa saboda farin namansa mai daɗin suya. A jihar Luiziyana, inda tasirin Faransanci yake da ƙarfi, sunansa sac-a-lait. Wasu kuma na yi masa laƙabi da mai bakin takarda, saboda fatar bakinsa ba ta da kauri, kuma idan aka fizge shi da ƙarfi ƙugiya kan yaga ta ya tsere.

Ko mafi girmansu ba wani ƙato ba ne. Farin kirafi mafi nauyi da aka yi wa rajista a duniya shi ne wanda Fred Bright ya kama a madatsar ruwa ta Enid da ke Misisifi a 1957, mai nauyin kilo 2.35. Na baƙin kuma an kama shi ne a wani kududdufi a Tenesi a 2018, da nauyin kusan kilo biyu da rabi.

Me ya sa sai ƙarshen sanyi?

A tsakiyar hunturu kifin kan taru a ruwa mai zurfi. Idan ruwan ya fara ɗumi ya haura digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, sai su fara matsowa bakin gaɓa. Da ya kai wajen digiri 15 zuwa 18, mazan kan share gurbi a ƙasan ruwa mara zurfi, matan su zuba ƙwai, mazan su tsaya gadi.

Wannan ƙaura ba rana ɗaya take zuwa ko'ina ba. A Fulorida tana iya farawa tun Fabrairu, a Misisifi Maris zuwa Afrilu, a Minesota da ke can arewa kuwa sai Mayu. Tsofaffin masunta a kudu kan duba furen wata bishiya mai suna dogwood, kamar yadda manomi ke duba alamun damina. In ta yi fure, to kifi ya matso.

Kirafi na son laɓewa a cikin rassan itatuwan da suka nutse. Shi ya sa a tafkuna da dama ake ɗaure wa bishiyoyin Kirsimeti da aka gama amfani da su bulo, a nutsar da su don su zama matattarar kifi.

Dalilin amfani da siririn zare

Zaren da aka fi amfani da shi shi ne wanda ke tsinkewa idan nauyin da ke jansa ya kai fam huɗu zuwa shida, wato kilo 1.8 zuwa 2.7. A bakinsa akan ɗaura ƙugiya mai ɗan kan dalma da gashi ko roba mai kama da ƙaramin kifi, wadda nauyinta bai wuce giram ɗaya zuwa biyu ba. Wasu kuma ɗan kifi mai rai suke maƙalawa.

Akwai hikima a hakan. A ruwan sanyi kirafi ba ya kai wawura da ƙarfi, sau da yawa ɗan motsi kawai za a gani a zare. Zare mai kauri ba ya nuna wannan motsi, kuma ba ya barin abu mara nauyi ya nutse a hankali yadda kifin yake so.

Ita ma ƙugiyar da siririyar waya ake yin ta da gangan. Idan ta maƙale a reshe, masunci zai ja a hankali ta miƙe ta fito, ya sake lanƙwasa ta ya ci gaba. Wannan amfani nata shi ne kuma rauninta a ranar da babban kifi ya zo.

Baƙon da ba a gayyata ba

Ƙananan kifayen da kirafi ke ci su ne abincin kusan duk wani mafarauci a tafkin. Kifin bas mai babban baki, da tarwada iri-iri, da wasu manyan kifaye duk suna bin ɗumin ruwa zuwa wuraren da abinci ya taru. Ga shi kuma sanyi bai gama sakin jikinsu ba, don haka abu ƙarami mai tafiya a hankali ya fi musu sauƙin kamawa.

Wani lokaci ma kirafin da ƙugiya ta riga ta kama, yana mutsu-mutsu ana jawo shi, shi ne babban kifi ke haɗiyewa.

Misali mafi shahara ya faru ne a tafkin Fork da ke Tekzas ranar 24 ga Janairun 1992. Wani masunci mai suna Barry St. Clair ya fita kamun kirafi da ɗan kifi mai rai, sai ya fito da bas mai nauyin fam 18.18, sama da kilo takwas. Tekzas jiha ce da mutane ke kashe maƙudan kuɗi kan jirage da kayan kamun bas, amma an shafe fiye da shekara 30 kifin da ke riƙe da kambun jihar shi ne wanda aka kama ba shi ake nema ba.

A watan Mayun wannan shekarar, a kogin Little Red na jihar Akansas, Howard Collins ya kama wani kifi mai suna turawut mai nauyin kilo 18 da ɗoriya, da zare mai ƙarfin kilo 1.8 kacal. Shi ba kirafi ya je nema ba, amma kayan da ke hannunsa irin na masu kamun kirafi ne. Kifin ya riƙe kambun duniya na tsawon shekaru.

Ta yaya zaren kilo biyu ke fito da kifin kilo goma?

A cikin ruwa, ruwan ne ke ɗauke da nauyin kifi. Abin da ke tsinka zare shi ne fizga ta farat ɗaya. Don haka duk dabarar ita ce a hana fizgar isa ga zaren da cikakken ƙarfinta.

Na'urar naɗe zare tana da wani birki da ke sakin zare idan ja ya yi yawa. Ƙwararru kan saita shi ya fara saki a kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, kuma tun kafin a jefa fatsa ake yin haka. Sandar ma tana lanƙwasawa ta shanye fizgar.

Idan kifin ya zabura, a bar shi ya gudu. Idan ya tsaya, a ɗaga sanda a hankali, a sauke ta ana naɗe zare. Mai jirgi kan bi kifin, yana ƙoƙarin janye shi daga rassan da za su guntule zaren zuwa sarari. Ana iya shafe minti 20 ko fiye ana wannan ja-in-ja da babbar tarwada.

An fi yin asara a minti na ƙarshe. Kifi ya iso gefen jirgi, zumuɗi ya kama mutum, ya damƙi zare da hannu ko ya ƙara matse birki, sai kifin ya yi fizga ɗaya ya tafi. Shi ya sa gogaggu ke tafiya da babbar koma ko da ƙaramin kifi suka fita nema, kuma bayan kowace irin wannan kokawa sukan yanke ƙarshen zaren su sake ɗauri, domin ya riga ya goge. Bahaushe ya ce mai haƙuri shi kan dafa dutse, kuma a nan ma haka abin yake.

Kamawa daban, ɗauka daban

Fito da kifin daga ruwa ba shi ke nufin ya zama na masunci ba. Kowace jiha tana da dokokinta, kuma galibin manya sai da lasisi suke kamun kifi. A Minesota, alal misali, ana kamun kirafi duk shekara, amma lokacin kamun wasu manyan kifaye a tafkunan cikin jihar sai a watan Mayu ake buɗe shi. Wanda ya kama irinsu kafin lokacin, ko da bisa kuskure ne, dole ya mayar nan take.

Akwai kuma batun lafiyar kifin. Doguwar kokawa na gajiyar da shi ƙwarai, kuma manyan da ake kamawa a wannan lokaci sau da yawa mata ne masu ɗauke da ƙwai. Masu mayarwa kan jiƙa hannu kafin su taɓa shi, su tallafe cikinsa, su riƙe shi cikin ruwa har ya farfaɗo. A Tekzas akwai shirin ShareLunker da aka fara a 1986, inda wanda ya kama bas mai fam 13 ko fiye a watanni ukun farko na shekara zai iya ba hukuma aronsa don a hayayyafa irinsa.

Shi kansa kirafin yana fuskantar matsin lamba. Tun da kamfanin Garmin ya fito da na'urar LiveScope a 2018, masunci na iya kallon kifi yana motsi a allo, ya zaɓi babba ya sauke masa ƙugiya a gaban baki. Muhawara ta yi zafi kan ko hakan zai rage manyan kifaye. A tafkunan Grenada da Enid da Sardis da Arkabutla na Misisifi, ba a yarda a ɗauki kirafin da bai haura inci 12 ba, kusan santimita 30, kuma a 2024 an rage adadin da mutum ɗaya zai ɗauka a rana daga 15 zuwa 10.

Haɗari na ƙarshe na kan masuncin ne. Rana na iya yin ɗumi a watan Maris alhali ruwan na nan da sanyinsa na hunturu, kuma wanda ya faɗa ruwa mai digiri 10 numfashinsa kan sarƙe nan take, hannuwansa su sandare cikin mintuna. Ana iya zamewa sa'ad da aka sunkuya gefen jirgi za a ɗago kifin da ba a yi tsammani ba. Saboda haka hukumomin kula da namun daji na jihohin ke nanata wa masu fita a wannan yanayi su sa rigar ceto a jikinsu tun daga bakin gaɓa, kada su ajiye ta a ƙarƙashin kujera.