Sammore: Abin da Ɓeraye Suka Nuna Game da Cizon Tsando

Jama'a 'yan'uwa fataken shanu, duk wanda ya taɓa koro garke daga Maraɗi ko Tawa zuwa kasuwannin kudu ya san hasarar sammore. Sai ka ga bijimi ƙosasshe ya rame, gashi ya tashi, ido na hawaye, farashi kuma ya faɗi warwas. Mu dai mun saba cewa ƙaƙƙarfan sa jininsa zai kare shi. To, binciken masana ya nuna lamarin ba haka yake ba.

A cikin jinin dabba akwai fararen ƙwayoyi masu gadin jiki. Waɗanda suka fi saurin zuwa wurin rauni su ne ake kira nutrofil. Aikinsu haɗiye ƙwayoyin cuta, kuma gawarwakinsu ne mafi yawan mugunyar da muke gani a gyambo.

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2018, masana a Antwaf ta ƙasar Beljiyam sun sa ƙudan tsando mai ɗauke da cutar ya ciji ɓeraye a kunne. Cikin 'yan sa'o'i nutrofil suka yi dafifi a wurin cizon. Amma me? Ƙwayar sammore mai rai tana wutsil-wutsil tana kuɓuce musu, sai wadda ta galabaita suke iya haɗiyewa. Abin mamaki ma, ɓerayen da aka rage wa nutrofil sun fi ƙarancin ƙwayar cutar a jini a farkon kamuwa. Wato masu gadin da suka fara isa ba su tare ɓarawon ba, har ma zuwansu ya sauƙaƙa masa shiga.

Ɓera ba saniya ba ne, kuma irin ƙwayar da aka gwada ba ita ce ta fi kashe shanu ba. Duk da haka darasin ya shafe mu. Ƙwayar sammore tana sauya rigarta a kai a kai, jiki ya kasa gane ta, shi ya sa har yau babu allurar riga-kafinta irin ta ciwon huhu. Shanun Ndama da Muturu suna jure mata, amma namu Bunaji da Rahaji da Azawak ba sa jurewa.

Saboda haka kada mu dogara da ƙibar sa. Kafin a shiga ƙasar tsando, a nemi malamin dabbobi ya yi allurar Samorin gwargwadon nauyin dabba. Wadda ta kamu a yi mata Berenil cikakke, don rage awo shi ke sa cuta ta daina jin magani. A zuba maganin ƙuda a gadon baya, a guji yada zango a bakin rafi mai duhuwa. A kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin magani kafin a sayar wa mahauta.

Riga-kafi dai ya fi magani. Allah Ya ba da kasuwa.