Catherine Gurney: Matar da ta tambayi wa ke kula da ɗan sanda idan ya faɗi

Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san yadda Dawanau take da safe: manyan motoci maƙare da masara, wake da riɗi, ’yan dako na kai da kawo, ga kuma ɗan sanda a bakin titi, rana na dukansa. Yawancinmu abin da muke tunawa da shi shi ne cin hanci da tsawa. Da wuya wani ya tambayi inda yake kwana, ko wanda zai riƙe ’ya’yansa idan ya fita aiki bai dawo ba. Wata Baturiya mai suna Catherine Gurney ta yi wannan tambaya fiye da shekaru 140 da suka wuce, kuma cibiyoyin da ta kafa don amsa ta suna aiki har yau.

Wace ce ita?

An haifi Catherine Gurney a shekarar 1848 a kudancin birnin Landan, a gidan masu hali kuma masu riƙo da addinin Kirista. Mahaifinta, Joseph Gurney, shi ne mai ɗaukar bayanan zaman majalisar dokokin Birtaniya. Ta fara ayyukan jinƙai ne da koyar da littafin Baibul a unguwar Wandsworth, inda takan dawo gida da dare, ’yan sandan sintiri na ba ta kariya. An ruwaito cewa wata rana, da ta yi wa wani daga cikinsu zancen addini, sai ya yi mamaki cewa akwai wanda ya ɗauka ɗan sanda ma yana da rai irin na kowa. Wannan magana ta tsaya mata a zuciya.

A 1883 ta kafa Ƙungiyar Kiristocin ’Yan Sanda, wadda ta fara da mutum kaɗan a cikin gidanta, daga baya ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Sai dai ba ta tsaya ga wa’azi ba. Ta taɓa samar wa wani ɗan sanda marar lafiya gado a gidan jinya, amma ya baro wurin tun bai warke ba, domin an kwantar da shi kusa da wani mai laifi da shi da kansa ya taɓa kamawa. Daga nan ta gane cewa mutanen nan na bukatar wurin jinya nasu na kansu.

Abin da ta gina

A 1890 ta buɗe gidan murmurewa na ’yan sanda a garin Hove, a bakin teku. Bayan haka ta kafa gidan marayun ’yan sanda a Redhill da ke kudancin Ingila, sannan wani a Harrogate da ke arewa a 1898, sai kuma gidan jinya na St Andrews a wannan gari a 1903. Gwamnati ta karrama ta da lambar OBE. Ta rasu a 1930, aka binne ta a Harrogate, kusa da gidajen da ta gina.

A tsakiyar ƙarni na 20 an rufe gidajen marayun, aka mayar da aikin ya zama asusun tallafa wa yaran a gaban iyayensu mata. Gidan St Andrews kuwa yana nan yana karɓar jami’an da suka ji rauni ko suke fama da damuwa, kuma akasarin kuɗin tafiyar da shi na fitowa ne daga ɗan abin da ’yan sandan da kansu ke yarda a cire daga albashinsu.

Me ya haɗa mu da wannan labari?

Kano ta san abin da ake nufi da marayan ɗan sanda. A ranar 20 ga Janairun 2012, ’yan Boko Haram sun kai hare-hare kan ofisoshin ’yan sanda da wasu hukumomin tsaro a birnin, inda aka kashe aƙalla mutum 185, ciki har da ’yan sanda 29 bisa ƙididdigar rundunar. Kowannensu ya bar wani a gida. A farkon 2013 kuma, gidan talabijin na Channels ya nuna irin lalacewar Kwalejin ’Yan Sanda ta Ikeja, har Shugaba Goodluck Jonathan ya kai ziyarar ba-zata.

Su ma matasan da suka fito zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020 sun fahimci wannan. A cikin bukatu biyar da suka gabatar, ɗaya ita ce a duba lafiyar ƙwaƙwalwar jami’an SARS kafin a tura su wani aiki, wata kuma ita ce a ƙara wa ’yan sanda albashi. Wato waɗanda aka zalunta su ne suka nemi a gyara rayuwar wanda ya zalunce su, domin sun san mai bindiga da yunwa a ciki hatsari ne ga kowa.

A takarda dai akwai tanadi. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar Asusun Tallafa wa ’Yan Sanda, wadda ta ware kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da ke shiga asusun tarayya don horo, kayan aiki da walwala. Duk da haka, a Yulin 2025 tsofaffin ’yan sanda sun fito titi a Abuja suna kukan cewa fanshonsu ba ya kai su ko’ina.

Kyauta ko saye?

Attajiran ƙasar nan ba su daina yi wa ’yan sanda alheri ba. Ana ba da motoci, ana gina ofisoshi, ana raba shinkafa da Sallah. Amma Bahaushe ya ce idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Jami’in da ke hawan motar da Alhaji ya saya zai yi wuya ya kama ɗan Alhaji, kuma sau da yawa mai kyautar shi ne ake gani da ’yan rakiya a bayansa, alhali ƙauyukan da ke kewaye ba su da mai tsaronsu.

A nan ne hanyar Gurney ta bambanta. Dukiyar da ta tara ta tafi ne ga jami’in da ciwo ya kwantar, da matar da aka mutu aka bari, da yaron da ya rasa uba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da ikon sakin mai laifi ko rufe fayil, saboda haka taimakon bai sayi kowa ba. Sannan ta zuba shi a cikin cibiyoyi masu amintattu da littafin lissafi, waɗanda ba su mutu da mutuwarta ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Musulunci ya san waƙafi, kuma majami’u sun daɗe suna riƙe makarantu da asibitoci. Kasuwa irin ta Dawanau, wadda hatsinta ke kaiwa har Nijar da Chadi, tana da ƙungiyoyin ’yan kasuwa da za su iya kafa asusun karatun marayun jami’an da suka mutu a bakin aiki, Musulmi da Kirista, a riƙa bayyana kuɗin shiga da na fita a fili.

Sadaka ba za ta ɗauke wa gwamnati nauyin albashi, gidaje, inshora da fansho ba, kuma tausayi ba ya hana hukunta jami’in da ya ci zarafin ɗan ƙasa. Amma matashin da ke neman a gyara aikin ɗan sanda yana da tambayoyi biyu da ya kamata ya riƙa yi wa ɗan majalisarsa: ina kuɗin asusun 2019 suka shiga, kuma wata nawa matar marigayi ke jira kafin a biya ta haƙƙin mijinta?