Kafin A Sauya Wa Mota Ƙafa: Lissafin Da Masu Motocin Ƙawa A Maiduguri Ke Tsallakewa

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shiga tsakanin samari masu abin hannu a birnin Maiduguri, watau da zarar mutum ya sayi mota, musamman irin ƙananan nan masu gudu kamar Marsandi C300 ko BMW ko Honda Accord, abin da zai fara yi shi ne ya kwance ƙafafun da ta zo da su daga kamfani, ya ɗaura mata manyan rim na aloyi masu ɗaukar ido. Duk wanda ya tsaya da la'asar a bakin titin Sir Kashim Ibrahim ko hanyar Baga zai ga irinsu suna wucewa, rim ya cika gurbin ƙafa, taya kuwa ta koma siririya kamar an naɗa masa ɗamara. Babu mai musun cewa abin yana da kyan gani. Amma fa a wajen masu faci da makanikai labarin dabam ne, domin su ake kai wa rim ɗin bayan ya lanƙwashe, da tayar bayan ta kumbura a gefe.

Tushen matsalar shi ne yawancin masu wannan ado da ido suke zaɓen rim, sa'an nan su bar wa mai shago zaɓen taya, shi kuwa ya ɗauko wadda ke gare shi, in dai za ta hau. Alhali kuwa hawa kan rim kaɗai bai isa ya nuna taya ta dace da mota ba. Akwai lissafi a ciki, kuma an rubuta shi ƙarara a jikin kowace taya.

A ɗauki misalin tayar da aka rubuta wa 205/55 R16. Lamba ta farko, watau 205, faɗin tayar ke nan da awon milimita. Ta biyu ita ce ta fi rikita mutane, don ba milimita take nufi ba. Ma'anarta tsayin gefen tayar, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 55 ne cikin ɗari na wancan faɗi, watau kimanin milimita 113. Harafin R yana nuna irin saƙar da aka yi wa cikin tayar, 16 kuwa girman rim ne da awon inci, kuma kowane inci ɗaya milimita 25.4 ne. Idan aka haɗa girman rim da gefen taya na sama da na ƙasa, za a tarar tsayin ƙafar baki ɗaya ya kama milimita 632.

To, wannan tsayi na baki ɗaya shi ne abin da ba a so a taɓa. A kansa ne injiniyoyin kamfani suka daidaita maleji da giya da birki, da kuma filin da aka bar wa ƙafa ta juya a ƙarƙashin madigadi. Ƙa'idar da masu sana'ar taya ke bi a ko'ina ita ce kada sabuwar ƙafa ta fi ta asali, ko ta gaza mata, da abin da ya wuce kashi 3 cikin ɗari. Saboda haka duk incin da aka ƙara wa rim, dole a rage shi daga gefen taya. Motar da ta zo da 205/55 R16, in an ɗaura mata rim mai inci 17, tayar da ta dace da ita ita ce 225/45 R17, wadda tsayinta ya kama milimita 634. In kuwa inci 18 ne, sai 225/40 R18, mai milimita 637. Duk ukun kusan tsayinsu ɗaya.

Wanda ya ƙi wannan lissafi ya ɗaura 245/45 R18 don kawai ita ya samu a kasuwa, ya kai ƙafarsa milimita 678, ƙarin kashi 7 cikin ɗari ke nan. Malejinsa zai nuna masa kilomita 100 alhali yana gudun 107. Motar za ta yi nauyin tashi, tayar kuma ta riƙa gogar madigadi duk lokacin da aka karya sitiyari ko aka cika kujerun baya. A motocin da ke jan ƙafa huɗu, irin Marsandin da aka rubuta wa 4Matic, bambancin tsayi tsakanin ƙafafun gaba da na baya yana wahalar da na'urar da ke raba musu ƙarfin inji, gyaranta kuwa ba na ƙaramin kuɗi ba ne. Gaskiya ne wasu motocin suna fitowa daga kamfani da tayar baya da ta fi ta gaba faɗi, kamar 225/45 R17 a gaba da 245/40 R17 a baya, amma in an auna za a ga bambancin tsayinsu kimanin kashi ɗaya cikin ɗari ne kacal.

Sai dai ko lissafin ya fita daidai, akwai abin da mai mota ya yi asara, kuma a nan ne batun ya shafi Maiduguri fiye da garuruwan da aka ƙera waɗannan motoci dominsu. Gefen taya shi ne matashin da ke tsakanin rim da ramin hanya. A misalin da ya gabata ya sauko daga milimita 113 zuwa 101, daga nan zuwa 90. Dattawan direbobi za su tuna da Fijo 504 wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda kamfanin Peugeot ya fara aiki a 1975. Rim ɗinta inci 14 ne kacal, gefen tayarta kuwa ya kai wajen milimita 140, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ta yi shekaru tana zirga-zirga tsakanin Maiduguri da Kano, tafiyar kusan kilomita 600, a kan kwalta da burji. Siririyar taya tana da amfaninta, domin tana sa mota ta riƙe hanya a kwana, sitiyari kuma ya amsa da sauri. Amma wannan a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ne. Wanda ya gwada motarsa a kan gadar sama ta Kwastam, wadda aka buɗe a ƙarshen shekarar 2021, zai ji daɗinta ƙwarai. In ya kutsa lungunan unguwa masu rairayi, ko ya faɗa rami da gudu, nan zai gane an yi garin neman gira an rasa ido. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, ita ma ta nuna yadda titi mai kyau kan lalace cikin dare ɗaya.

Ga kuma hanyar Damaturu, mai tsawon kimanin kilomita 130, wadda ta bi ta Auno da Jakana da Mainok da Benishek. Shekarun rashin tsaro sun koya wa kowane direba cewa tsayawa a dajin wannan hanya don sauya taya ba abin wasa ba ne. Rami ɗaya kan iya fasa siririyar taya ta gaba da ta baya a lokaci guda, alhali safaya ɗaya ce a but, sau da yawa ma an manta ba a duba ko notin sabon rim zai ɗaure ta ba.

Shi kansa rim ɗin yana da nasa awo. Faɗinsa a rubuce yake a bayansa, kamar 7J ko 8J, kuma taya mai faɗin 225 ta fi zama daidai a kan inci bakwai da rabi ko takwas. Miƙe ƙaramar taya a kan faffaɗan rim don ƙawa yana barin bakin rim a fili, tayar kuma tana iya suɓucewa in iska ta ragu. Ramukan noti ma sun bambanta. Camry da yawancin Accord suna da biyar a kan da'ira mai milimita 114.3, Marsandi 112, tsofaffin BMW kuwa 120. Tsakanin 112 da 114.3 tazarar kaɗan ce, har wasu kan tilasta noti ya shiga a karkace, wannan kuwa ganganci ne da rai. Akwai kuma lambar da ke bin haruffan ET, wadda ke nuna yadda ƙafar za ta shige ciki ko ta fito waje.

Bayan lambobin girma akwai wata lamba da harafi, kamar 91V. Lamba 91 na nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 615, harafin V kuma yana nufin ta jure gudun kilomita 240 a awa. Tayar 225/40 R18 takan zo da 88, watau kilo 560, ko kuwa da 92 mai alamar XL, kilo 630. Motar da ta zo da 91 bai kamata a sauko da ita zuwa 88 ba, balle a garin da zafin watan Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa. Al'adar nan ta rage wa taya iska a lokacin bazara wai don kada ta fashe, kuskure ce babba, domin tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce ke yawan lanƙwasa, ta ɗauki zafi har ta tarwatse. Da sassafe ake auna iska, kafin mota ta yi tafiya.

Daɗin daɗawa, tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙira a Ikeja a 2008, kasuwar taya ta koma hannun 'yan shigo da kaya. Sabuwar taya mai inci 18 ko 19 tana da tsada, wannan ne ke tura mutane wajen 'yar Beljiyam, ko da yake tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su. Araha dai ba ta ado. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT su ne ke faɗin shekarun taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin masu motoci da su guji tayar da ta wuce shekara huɗu, komai kyan zanenta.

Ga mai motar da ke yawo cikin gari kuma yakan fita zuwa Damaturu ko Kano, ƙarin inci ɗaya a kan rim na asali ya wadatar, tare da tayar da lambarta ta tsakiya ba ta gaza 45 ba. Girman da kamfani ya yarda da shi, da awon iskar gaba da baya, suna nan a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, kuma ita ya kamata a fara karantawa kafin a taya rim a kasuwa.