DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: A GYARA TSOHON INJIN NIƘA KO A SAYI SABO?

Kowace shekara bayan kaka, sa'ad da ƙungiyoyin gama kai na ikilisiyoyinmu suka sayar da amfanin gona aka zauna lissafi, akwai magana guda da takan raba kan mutane. Ita ce maganar injin niƙa. Matasa sukan ce tsohon injin nan ya gaji, a sayar wa 'yan gwangwan a sayo sabo ƙarami mai shan fetur. Dattawa sukan ce a'a, injin da ya ci da mu shekara da shekaru ba a yar da shi don ya yi tari. Matan Zumunta kuwa, waɗanda su ne suke shan wahala in ya tsaya, abu ɗaya suke so, watau injin da zai tashi kowace safiya.

Maganar ba ƙarama ba ce. In injin ƙauye ya mutu, tilas mace ta koma turmi da dutsen niƙa, ko kuwa ta ɗora wa yarinya kwano a ka ta aike ta wani gari. Duk mai zama a ƙasar Ƙaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi ya san yadda hanya ta zama a shekarun nan. Aiken da dā ba a ɗauke shi a bakin kome ba, yanzu yana iya jawo wa gida baƙin ciki. Saboda haka lafiyar injin niƙa ta shafi lafiyar 'ya'yanmu. Bari mu duba al'amarin a hankali.

ASALIN TSOHON INJIN

Injin da mutanenmu suke kira Lista sunan kamfani ne, R. A. Lister, wanda aka kafa a garin Dursley ta ƙasar Ingila a 1867. A 1929 kamfanin ya fito da injinsa mai shan man gas, mai fistin ɗaya, wanda ake tayarwa da hannu. A wannan shekarar ce kuma layin dogo daga Zariya ya iso Ƙaura Namoda, ya tsaya nan. A Ingila an ci gaba da ƙera irin injin nan har 1987. Bayan sun daina, masu ƙira na ƙasar Indiya, musamman a garin Rajkot, suka ci gaba da yin kwafinsa. Shi ya sa har yanzu ake samun kayan gyaransa, ko da yake nagartarsu ba ɗaya ba ce.

Me ya sa yake daɗewa? Dalili na fari shi ne ba ya gaggawa. Lista mai ƙarfin doki 6 yana juyi 650 a minti guda. Ƙaramin injin fetur yana iya kaiwa juyi 3,600 a minti. Watau a aikin awa ɗaya tsohon ya juya sau 39,000, ƙaramin kuwa sau 216,000. Kowane juyi yana cin ƙarfe kaɗan. Wanda ya yi gudu duk yini ai dole ya riga mai tafiya a hankali gajiya.

Dalili na biyu, ƙarfen zubi ne mai kauri, da manyan ƙafafu biyu masu nauyi da suke daidaita juyinsa. Na uku, ruwa ne yake sanyaya shi daga duro, ba iska ba, wannan kuwa taimako ne babba a zafin watan Afrilu. Na huɗu, wanda ya fi duka, an ƙera shi don a riƙa kwance shi ana ɗaurawa. Ba batir, ba waya, ba wani abu da aka liƙe wanda sufana ba ta iya buɗewa. In ringi ya ci a sake ringi. In boris ya ci a sake boris. Jikin injin yana nan.

BA MU KAƊAI BA NE

Kada mu ga kamar wannan gardama ta mutanen ƙauye ce kawai. A Turai ma an yi ta a kan injin wanki. Mutane sun yi ta kuka cewa injin wankin da iyayensu suka saya ya yi aiki shekaru masu yawa, na yanzu kuwa in ƙaramin abu ya lalace sai a ce a yar a sayi sabo, gama an rufe shi yadda ba a iya buɗewa. Har Tarayyar Turai ta kafa doka, wadda ta fara aiki a watan Maris 2021, cewa duk kamfanin da ya sayar da injin wanki tilas ya tanadi kayan gyaransa har shekara 10. In masu arziki sun gane cewa yar da abin da yake gyaruwa hasara ce, mu da muke tara kuɗin inji da tiya-tiya na gero fa?

ABIN DA YAKE KASHE INJI

Yawancin injunan da muke gani a kwance a bayan majami'a ba tsufa ne ya kashe su ba, sakaci ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ga maƙiyan inji guda biyar.

1. Ƙura. Ɗakin niƙa cike yake da garin hatsi, hunturu kuma ya ƙara da tasa ƙura. In ta shiga cikin inji sai ta gauraya da mai, ta riƙa goge fistin kamar yashi. A riƙa share matatar iska kullum. In da hali a gina ɗan bango tsakanin inji da wurin niƙa, a bar wa bel kafa kawai.

2. Tsohon baƙin mai. Ƙara sabon mai a kan tsoho ba sakewa ba ce. A juye na Lista bayan aikin awa 250, na ƙaramin injin fetur bayan awa 100. A juye shi tun injin yana da ɗumi. In man ya koma fari kamar nono, ruwa ya shiga, a tsaya nan da nan a kira bakanike.

3. Man gas mai datti ko ruwa. Nozul da famfon mai su ne masu tsada, datti kaɗan kuwa yake ɓata su. A bar mai ya kwana a duro ya kwanta, a ɗiba daga sama, a tace kafin a zuba. Kada a bar tanki ya ƙafe, gama iska za ta shiga bututu, injin ya ƙi tashi sai an fitar da ita.

4. Ruwan sanyaya. Kada ya yi ƙasa da bakin bututun sama. Ruwan waɗansu rijiyoyi yana barin farar ƙasa a cikin inji wadda take toshe hanya. Ruwan sama ya fi. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi a inji mai zafi wanda ruwansa ya ƙafe, kansa yana iya tsagewa.

5. Girgiza. In notin da ya riƙe inji a kan siminti ya saki, ko bel ya karkace, ko an ɗaure shi da yawa, boris ne zai biya.

Inji yakan faɗi ciwonsa ta wurin hayaƙi. Baƙin hayaƙi yana nuna an yi masa kaya fiye da ƙarfinsa, ko iska ba ta isarsa, ko nozul yana zubar da mai. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna yana ƙona baƙin mai, sau da yawa ringi ne. Farin hayaƙin da bai daina ba bayan injin ya yi zafi yana nuna mai bai ƙone ba, ko akwai ruwa. Mai niƙan da ya san waɗannan zai faɗa wa kwamiti tun gyaran yana ƙarami.

DUTSEN NIƘA DA ABINCINMU

Dutsen injin, ko da yake muna ce masa dutse, ƙarfe ne. Duk ƙarfen da ya cinye, cikin garinmu ya tafi. Don haka kada a matse dutse fiye da kima don neman laushi a zubi ɗaya, gara a maimaita. Kada a bar shi yana juyi ba hatsi a ciki. Mata su tsince tsakuwa kafin su kawo. In an sa sabon dutse ko an wasa tsoho, a fara niƙa dusa a zubar kafin a taɓa abincin mutane.

Akwai wani gargaɗi da mu mutanen Zamfara ba za mu manta ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka mutu. Duwatsun zinariya ne ake kawowa cikin gari ana niƙawa da irin injunan da muke niƙa hatsi, ƙurar ta bazu a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Saboda haka duk ƙungiyar da za ta sayi injin niƙa na hannu, ta bincika sosai inda ya yi aiki. In ya taɓa niƙa dutsen ma'adini, kada kan niƙansa ya taɓa hatsi, kome arahar sa. Kuma kada a yarda a ba da hayar injin ƙungiya don wannan aiki, ko da na dare ɗaya.

A kuma yi wa bel shinge na katako ko na waya. Babbar riga da mayafi ba su shiri da bel. Yara su tsaya a ƙofa. Bututun hayaƙi ya fita waje, gama hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kisa.

INDA SABON YA FI

Gaskiya ita ce ba kullum tsoho yake da nasara ba. Ƙaramin inji ba shi da tsada a saye, mutum biyu suna ɗaukarsa, kayan gyaransa kuma suna ko'ina. Mai ban ruwa a fadama, wanda zai ɗora injinsa a babur ya kai gida da yamma, ƙaramin ne nasa. Lista kuwa inda aka kafa shi nan yake. Ɓarawo ba ya saɓa shi a kafaɗa, amma in tashin hankali ya sa mutane barin gari, su ma ba su iya ɗaukarsa. Kowace ƙungiya ta san halin da garinta yake ciki, ta auna.

Akwai kuma lokacin da gyara ya zama zuba ruwa a kwando. In jikin injin ya tsage, ko babban ƙarfen da yake juya ƙafafun ya ci har ba a iya gyara shi a Gusau ko Kano, to, a haƙura. Ko a nan ma kada a sayar da shi a kan awon kilo. A cire abin da yake da kyau a ajiye, ko a sayar wa ƙungiyar da take da irinsa.

Game da mai, tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023, lissafin dā ya rushe. Kada a dogara ga ji-ta-ji-ta. A zuba lita ɗaya a kowane inji, a ƙidaya tiya nawa ya niƙa, a raba kuɗin litar da yawan tiyoyin. Wannan gwaji na yini ɗaya ya fi gardamar wata guda. Waɗansu wurare sun fara niƙa da wutar hasken rana. Abu ne mai kyau, amma kafin a saya a yi tambayar nan: in ya lalace, wa zai gyara, a ina kuma za a sami kayansa?

ABIN DA KWAMITI ZAI YI

Mun ga darasi a watan Satumba 2021, sa'ad da aka rufe kasuwannin mako a Zamfara, aka hana sayar da fetur a jarka, aka kuma yanke layukan waya. Wanda bel ɗinsa ya tsinke a lokacin ba shi da inda zai saya, ba shi ma da yadda zai kira bakanike. Yusufu a ƙasar Masar ya tara hatsi a shekarun ƙoshi don shekarun yunwa. Haka ya kamata mu yi da kayan gyara.

Na ɗaya, a buɗe asusun gyara dabam. A kowace naira 10 da aka samu, bayan an cire kuɗin mai, a ware naira 2 a hannun ma'aji. Ba a taɓa wannan kuɗi don biki, ko rance, ko ma ginin majami'a.

Na biyu, a ajiye a akwati mai kwaɗo bel ɗaya, dutse biyu, boris, nozul, ringi, giris da galan na baƙin mai. In an ɗauki ɗaya a mayar da gurbinsa a kasuwa ta gaba. Mai zuwa sayayya ya tafi da tsohon abin a hannu don a gwada, ya kuma tuna araha ba ta ado.

Na uku, a sayi littafi. Mai niƙa ya rubuta awa nawa injin ya yi aiki, mai nawa ya sha, ran da aka juye baƙin mai, da abin da aka sake. Magatakarda ya karanta shi a gaban taro kowane wata.

Na huɗu, mutum ɗaya ne zai riƙa tayar da inji, da mataimakinsa. Injin kowa da kowa ba ya tsufa da kyau.

Na biyar, wanda ya fi muhimmanci, a koya wa yara. Makanikan da suka san Lista ciki da waje suna tsufa. A zaɓi matasa biyu masu hankali, ƙungiya ta biya musu su zauna wurin gwani, ko Kirista ne ko Musulmi, su koya. Duk ran da aka kwance injin su tsaya su riƙe sufana. Injinmu yana niƙa wa dukan gari, ba a tambayar mai kwano addininsa, wannan kuwa shaida ce mai kyau.

'Yan'uwa, Ubangijinmu ya ba da misalin bayin da aka damƙa wa dukiya, aka dawo aka nemi lissafi a hannun kowa. Injin nan da iyayenmu suka tara kuɗi suka saya amana ce. Kafin taronku na gaba, ku je ɗakin niƙa ku duba man da yake ciki, ku dubi hayaƙin, ku tambayi mai niƙa ran da aka juye mai na ƙarshe. In amsar ba ta yi daɗi ba, kada kowa ya yi fushi, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ku rubuto mana shekarun injinku da gyaran da kuka yi masa, domin waɗansu ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku.