Dogon Hutu A Gaban Malami

A jami'o'in ƙasar Amurka akwai wata al'ada. Idan dogon hutu ya zo, sai malami ya zaɓi ɗalibi wanda bai gama digirin farko ba, ya ba shi mas'ala guda ya yi ta bincike kamar mako 10, yana duba aikinsa, ana kuwa ba yaron guzuri. Hukumar kimiyya ta gwamnatinsu ta kafa nata shirin a 1987.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Bodinga. Shehu Usmanu ya zauna Sifawa yana karantarwa har 1815, sa'ad da ya koma Sakkwato, ƙanensa Abdullahi kuwa yana Bodinga. A 1812 Abdullahi ya wallafa Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta wurinsu. Ilmi ke nan na durƙuso gaban mai shi.

Abin da ya gaza a nan shi ne guzurin. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo in ya komo Shagari ko Bodinga hutu, gona ko kasuwa ke jiransa. Alhali ga takardun Larabci da na Ajami cikin gafaka a zaurukan malamai, gara na ci. Da attajiri ɗaya zai ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya wata biyu, malamin jami'a da mai takardun su sa masa ido, da an kwafe su, an san marubutansu, tun ruwan damina bai yi musu ɓarna ba.