Abin Da Ake Nema Ga Mai Koyon Aikin Kayan Tiyata

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, in aka ce tiyata, kowa likita yake tunawa. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kusa da likita akwai wani ma'aikaci wanda yake shirya kayan aiki, yana miƙa masa su ɗaya bayan ɗaya. A Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta, ana koyonta cikin shekara ɗaya zuwa biyu. A nan ƙasarmu kuwa, galibi nas-nas ne suke yin ta bayan sun ƙaro horo na musamman. Ni dai ita nake sha'awa, shi ya sa na ga ya kyautu in bayyana muku sharuɗɗan da ɗalibi zai cika kafin a sallame shi.

Na farko shi ne tsabta. Tun shekarar 1867 wani likitan Ingila, Joseph Lister, ya nuna cewa kashe ƙwayoyin cuta yana hana rauni ruɓewa. Saboda haka tilas ɗalibi ya iya goge hannuwansa har gwiwar hannu na tsawon minti 2 zuwa 5, sa'an nan ya sa riga da safar hannu ba tare da ya taɓa bayansu ba. Ya kuma san yadda ake turara kaya cikin tukunyar tururi mai zafin digiri 121. Ruwan da muke dafa shayi da shi a digiri 100 yake tafasa, wannan kuwa bai isa ya kashe wasu ƙwayoyi masu taurin rai ba.

Na biyu, sanin jikin ɗan Adam da sanin kaya. Akwai wuƙa, da almakashi, da hantsaki, da matsen da ke tsai da jini, da allura da zare iri iri. Dole ya san sunan kowanne da amfaninsa, ya kuma san matakan aikin, don ya riƙe abin da za a bukata tun likita bai buɗe baki ba. Lokacin da jini yake zuba ba lokacin lalube ba ne.

Na uku, ƙidaya. Ana ƙirga ƙyallayen tsane jini da allurai da ƙarafa kafin a fara, a sake kafin a rufe ciki, a kuma sake wajen ɗinke fata. In lissafi bai cika ba, sai a nemo abin da ya ɓace, domin ƙyalle ɗaya da aka manta a ciki yana iya jawo ruɓa har ya kashe mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙidaya cikin jerin abubuwa 19 da ta fitar a 2008 don kiyaye majiyyata.

Na huɗu, gwaji a aikace. A Amurka sai ɗalibi ya shiga tiyata aƙalla 120 ana lura da shi, 30 na gama-gari, 90 na fannoni kamar ƙashi da ido da haihuwa. Bayan nan ga jarrabawar samun takardar shaida.

Na ƙarshe, wanda a ganina ya fi duka, shi ne gaskiya. In safarsa ta taɓa abu maras tsabta, ko da ba wanda ya gani, wajibi ne ya faɗa ya sake wata. Majiyyaci yana kwance cikin barcin magani, ba ya iya kare kansa, amana ce a hannun ma'aikata. Haka nan asirinsa ba na kai wa kasuwa ba ne.

To, 'yan'uwa, duk mai son wannan hanya sai ya riƙe darussan kimiyya da lissafi da Turanci tun yanzu, ya saba da tsabta da faɗin gaskiya tun daga ɗakin kwananmu. Iyaye kuma ku ƙarfafa mana gwiwa, maza da mata, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.