Tsofaffin motocin Amurka masu ƙwanji: yadda ake gane ta asali da yadda ake yi mata takardu

A watan Yunin 2014, a wani gwanjo da kamfanin Mecum ya shirya a birnin Seattle na ƙasar Amurka, an sayar da wata tsohuwar mota ƙirar Plymouth Hemi 'Cuda ta shekarar 1971 a kan dalar Amurka miliyon 3 da rabi, wato sama da miliyar 1 da rabi na kuɗin CFA. A daidai wannan lokaci ana iya samun wata Barracuda ta wannan shekarar, mai siffa iri ɗaya da fenti iri ɗaya, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Abin da ya raba farashin motocin biyu shi ne ƴan lambobi da haruffa da aka buga a jikin ƙarfe, da tsofaffin takardun da ke tabbatar da su. A kan waɗannan lambobin ne masu sha'awar irin waɗannan motoci ke kwana suna gardama, kuma a kansu ne wasu ke asarar dukiya mai yawa.

Asalin motocin

Amurkawa na kiran su "muscle cars", wato motoci masu ƙwanji. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: a ɗauki mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, a dasa mata babban inji mai silinda 8 wanda aka yi domin manyan motoci, sannan a sayar da ita a farashin da matashi mai aiki zai iya biya. Galibi ana ɗaukar Pontiac GTO ta 1964 a matsayin wadda ta buɗe wannan ƙofa. A lokacin kamfanin General Motors ya hana rassansa sanya manyan injuna a matsakaitan motoci. Injiniya John DeLorean da abokan aikinsa na reshen Pontiac suka zagaye dokar: suka mayar da GTO wani ƙari da mai saye zai zaɓa a kan motar LeMans, ya biya abin da bai kai dalar Amurka 300 ba, a sa masa inji mai lita 6,4. A shekarar farko an sayar da fiye da 32.000.

Ganin haka sauran kamfanonin Detroit suka shiga gasar. Ford ta fito da Mustang a watan Afrilun 1964. Chrysler ta fara sayar wa jama'a injin 426 Hemi mai lita 7 a 1966, wanda aka rubuta ƙarfinsa doki 425. A 1970 Chevrolet ta kai abin ƙololuwa da Chevelle SS 454 mai injin LS6, lita 7,4, ƙarfin doki 450.

Zamanin bai daɗe ba. Kamfanonin inshora sun tsawwala wa matasa masu irin waɗannan motoci kuɗi. Dokar tsabtace iska ta 1970 da komawa ga man fetur marar dalma sun tilasta rage ƙarfin injuna. An daina ƙera Hemi bayan 1971, sannan takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973 ya ƙarasa kasuwar. Motocin da aka yi alfahari da su suka koma tsofaffin kaya masu shan mai. Da yawa tsatsa ta cinye, wasu aka farfasa su a haɗari ko a filin tsere. Da matasan wancan zamani suka manyanta suka sami kuɗi, sai suka koma neman motocin ƙuruciyarsu, kuma kaɗan ne suka rage. 'Cuda mai Hemi wadda ake naɗe rufinta, irin ta gwanjon Seattle, waɗanda aka ƙera a 1971 ba su wuce 12 ba.

Kama da wane ba ta wane

Matsalar ta samo asali daga yadda aka ƙera motocin tun farko. Tunda gangar jikin GTO ɗaya ce da ta LeMans, ta Chevelle SS kuma ɗaya ce da ta Malibu, duk bakaniken da ya san aikinsa zai iya sayen mota ta talakawa, ya sa mata babban inji, ya liƙa tambari, ya ja layukan fenti, ta fito kamar ta asali. Yin hakan ba laifi ba ne idan mai motar ya faɗi gaskiya. Akwai kasuwa ta musamman ta irin waɗannan kwaikwayo, kuma mutane da yawa sun fi son su domin ana iya hawansu ba tare da fargaba ba. Laifin yana farawa ne ranar da aka sayar da kwaikwayo a farashin asali. Chevrolet ta ƙera injin LS6 guda 4.475 a 1970, kuma masu sha'awa na yawan ba'ar cewa waɗanda ke yawo a yau sun fi waɗanda suka fito daga masana'anta yawa.

Bincike yana farawa daga lambar shasi, wadda Amurkawa ke kira VIN. Lamba mai gurbi 17 da ake gani a motocin yanzu ta zama tilas ne a Amurka daga motocin 1981. Kafin nan kowane kamfani da nasa tsari: Ford na amfani da gurbi 11, General Motors da Chrysler gurbi 13 a ƙarshen shekarun 1960. Wanda ya iya karatunta zai san abubuwa da yawa. Lambar Chrysler da ta fara da BS27R1B, alal misali, tana cewa: Barracuda ce, samfurin 'Cuda, mai rufin naɗewa, harafin R na nufin injin Hemi, 1 na nufin 1971, B kuma masana'antar Hamtramck a jihar Michigan. A wajen Pontiac, daga 1966 zuwa 1971 lambar GTO ta gaskiya tana farawa da 242.

Sai dai ba kullum lambar ke magana ba. GTO ta 1964 da 1965 tana ɗauke da lambar LeMans ne, tunda ƙari ce kawai. Haka Chevelle SS ta 1970: lambar shasinta ba ta nuna ko SS ce, balle ta faɗi wane inji aka sa mata. Nan ne ƴan damfara suka fi samun wuri.

Inji da takardun masana'anta

Mataki na biyu shi ne duba ko injin da ke cikin motar shi ne wanda ta fito da shi. Daga wajen 1968 kamfanonin sun riƙa buga wani ɓangare na lambar shasi a jikin inji da akwatin giya. Idan waɗannan lambobi suka zo daidai da na shasi, ana cewa motar tana da lambobi masu dacewa, kuma farashinta kan tashi sosai. Amma guduma da ƴan ƙarafan buga lamba ba su da tsada. Ana iya goge fuskar ƙarfen a sake buga sabuwar lamba. Shi ya sa ƙwararru ke duba siffar haruffan, da tazarar da ke tsakaninsu, da siraran layukan da na'urar masana'anta ke bari a fuskar ƙarfen, waɗanda gogewa ke shafewa. Suna kuma duba ranar zubin ƙarfen injin, wadda take fitowa a jikinsa tun daga wurin narkarwa. Dole ranar zubin inji ta riga ranar harhaɗa motar. Idan injin ya kasance ƙanen motar, an canza shi.

Mataki na uku takardu ne. A masana'anta kowace mota na tafiya da takardar da ke lissafa abin da za a sa mata, kuma ma'aikata kan cusa ta a ƙarƙashin kujera, ko cikin shimfiɗar ƙasa, ko a saman tankin mai. Masu gyara kan tsinci wannan takarda bayan shekara hamsin, ta yi ja ta yayyage, amma tana iya ninka darajar motar. Motocin Chrysler suna da wani ɗan allon ƙarfe a ƙarƙashin murfin inji mai ɗauke da alamun fenti, inji da kayan ƙari.

Mafi ƙarfin hujja ita ce wadda ba ta hannun mai sayarwa. Kamfanin Marti Auto Works na jihar Arizona yana da izinin amfani da kundin Ford na motocin da aka ƙera daga 1967, yana kuma bayar da rahoton yadda kowace mota ta fito. Pontiac Historic Services na bayar da kwafen takardar cinikin da masana'anta ta aika wa dila. Ƙungiyar Shelby American Automobile Club tana riƙe da rajistar motocin Shelby ɗaya bayan ɗaya. Chevrolet ce ke da giɓi: babu irin wannan kundi na Chevelle da Camaro da aka ƙera aka kuma sayar a Amurka a wancan zamani, sai waɗanda suka bi ta reshen Kanada, wanda ya adana nasa. Wannan ne ya sa motocin Chevrolet suka fi jawo gardama.

Gardamar da ba ta ƙarewa

Akwai tambayar da takarda ba ta warwarewa. Idan tsatsa ta cinye gangar jikin mota mai daraja, aka samo lafiyayyar gangar wata mota aka mayar da allon lambar a kanta, wace mota ce ta fito daga garejin? Kamar gatarin gado ne da aka canza wa ƙota, daga baya aka canza masa ruwa. Wasu na ganin canza ƙarfe sashe-sashe gyara ne, komai yawansa. Wasu na cewa da zarar lamba ta bar gangar jikinta, motar ta mutu. Dokar tarayyar Amurka ta tsaya kusa da ɓangare na biyu: cirewa ko sauya lambar shasi da gangan laifi ne da ke iya kai mutum gidan kaso har shekara 5, ko da yake ta yi rangwame ga gyaran da ya zama dole.

Hatsarin na iya faɗa wa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. A jihar Kansas, wani mutum ya sayi Chevrolet Corvette ta 1959, ya kai ta domin yin rajista, sai ƴan sandan jihar suka lura cewa an taɓa cire allon lambar a lokacin wani gyara da aka yi kafin ya saya, an mayar da shi. Suka kama motar. Hukuma ta yarda cewa mutumin ba shi da laifi, amma dokar jihar a lokacin ta ɗauki irin wannan mota a matsayin haramtaccen kaya da ake lalatawa. Motar ta yi fiye da shekara 5 a hannun hukuma, sai da majalisar jihar ta gyara dokar a 2022 aka mayar masa.

Tarihin mota ma yana da farashi. Mustang ta 1968 da ɗan wasa Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt an sayar da ita a watan Janairun 2020 a kan dalar Amurka miliyon 3,74, da tsatsarta da lotsewarta. Da an sake mata fenti da kujeru, da darajarta ta ragu. Wannan na ƙarfafa masu cewa mota sau ɗaya take zama ta asali, yayin da wasu ke ganin motar da aka kulle a ɗaki ba a hawa ta daina zama mota.

Takardar mallaka da rajista

A Amurka jihohi ne ke bayar da takardar mallakar mota, kuma dokokinsu sun bambanta. Jihar New York, alal misali, ba ta bayar da takardar mallaka ga motocin 1972 zuwa baya; takardar rajista ce ake miƙa wa mai saye. Saboda haka tsohuwar mota na iya zama halal ba tare da takardar da ake nema a wata jihar ba, kuma ɓarayi sun san wannan ɓaraka. Mai saye mai hankali yana gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin mota gurbi bayan gurbi, yana kuma bincikar ko an taɓa kai rahoton sace ta. Bai dogara da na'urar ƙirga tafiya ba, domin ta wancan zamani gurbi 5 gare ta: idan ta kai mil 99.999 sai ta koma sifiri. Jihohi da yawa suna bayar da lambar musamman ta tsofaffin motoci a kuɗi kaɗan, amma sau da yawa da sharaɗin ba za a riƙa zuwa aiki da motar kullum ba, sai baje koli da ƴan fita.

Wanda zai fitar da mota daga Amurka dole ya gabatar wa duwan ɗin ƙasar takardun mallaka aƙalla awa 72 kafin a loda ta a jirgin ruwa. A Faransa, inda ake da masu sha'awar motocin Amurka da yawa, motar da ta kai shekara 30 na iya samun kart giris ta motocin tarihi, galibi bayan ƙungiyar FFVE ta ba da shaidar shekarunta da siffarta, kuma ana kai ta binciken lafiya duk shekara 5 maimakon 2.

Irin waɗannan motoci ba su cika titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ba, amma motocin hannu da ke fitowa daga Amurka ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome suna bin ƙa'ida iri ɗaya: lambar shasin da ke jikin ƙarfe ita ce ya kamata a gani a takardar duwan da kuma kart giris, ba ƙari ba ragi. Ga tsohuwar mota akwai abin lura na musamman, domin lambarta gajeriya ce, ba ta cika gurbi 17 da ma'aikata suka saba gani ba, kuma kuskuren harafi ɗaya wurin kwafewa na iya bin motar a duk takardun da za a yi mata nan gaba. Shawarar da ƙwararrun wannan harka suka fi nanatawa ita ce kada a yi cinikin biri a sama: hoto da bakin mai sayarwa ba hujja ba ne, kuma kuɗin da za a biya ƙwararre mai zaman kansa ya je ya duba motar kafin a biya bai kai komai ba idan aka gwada shi da asarar sayen kwaikwayo a farashin asali.